Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ikkilisiyoyi masu sujada da Hausa: yaran da muke turawa gindin mangwaro

Zuwa ga iyayenmu rabaran-rabaran, fastoci, masu bishara da dattawan ikkilisiya,

Ina gaishe ku a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya aiki, yaya iyali, yaya kuma haƙuri da mu? Allah ya ƙara muku ƙarfi a kan garken da ya damƙa a hannunku.

Ni malamar makarantar Lahadi ce, shekara 26 ke nan ina wannan hidima. Na koyar a firamare har na yi ritaya, ina kuma cikin Zumuntar Mata tun ina amarya. Ban shiga makarantar tauhidi ba, don haka ba zan koya muku Littafi Mai Tsarki ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ɗakina kuwa shi ne ajin yara. Na sha aika wannan magana zuwa majalisar ikkilisiyarmu ta bakin dattijon da ke kula da mu, kullum amsar ita ce an ji, za a duba. Da na zagaya tarurrukan mata a wasu gundumomi, na zauna da malamai 'yan uwana daga ɗariku dabam-dabam, sai na tarar kukanmu ɗaya ne. Shi ya sa na rubuto muku gaba ɗaya, a fili. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kowace Lahadi, da an gama sanarwa, mai jagorar sujada yakan ce, "Yara su fita zuwa ajinsu." Daga nan ba ku ƙara ganinsu sai an tashi. Bari in gaya muku inda suke zuwa. A wurinmu gindin mangwaro ne a bayan majami'a, kusa da inda aka ajiye janareta. Benci uku muke da su, yara kuwa sukan haura 80, daga mai shekara uku da ake goyo da ƙyar aka sauke, har zuwa 'yan shekara goma sha uku da suka fara jin kunyar zama da ƙanana. Mu biyu ne malamai. Da damina, hadari na haɗowa sai mu kwashe su zuwa baranda, darasi ya watse. Da hunturu suna rawar ɗari, ƙura na shiga musu ido. Ina ɗaga murya ina gasa da ƙarar janaretan da ke juya fanka a kan manya a ciki. Takardun darasi da kuɗin fanshona nake buga su. A ƙarshen shekara, idan ma'aji ya tashi karanta lissafin baiko da zakka, nakan kasa kunne: gini, kayan kiɗa, lasifika, gyaran mota, karɓar baƙi. Idan aka zo kan yara, abin da ake ambata shi ne biskit da lemon Kirsimeti.

Ban ce gini laifi ne ba. Ni ma na ɗauki yashi a ka lokacin da muke gina majami'armu, na kuma yi murna ranar da aka keɓe ta. Tambayata ita ce, wa zai zauna a ciki nan da shekara talatin?

Akwai abin da ya faru a watan jiya wanda ya hana ni barci, shi ne ma ya sa na ɗauki biro. Muna shirin gasar haddar aya. Wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, mai kaifin kai, ya miƙe ya rattabo Yohanna 3:16 da Turanci, babu tuntuɓe ko ɗaya. Yara suka tafa masa. Na ce, "Madalla, ɗana. To, faɗa mini da Hausa abin da ka faɗa yanzu." Ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Na ce ya faɗa da yaren gidansu, ko da kalma biyu ce. Shiru. Na miƙa masa Littafi Mai Tsarki na Hausa, na buɗe masa wurin, na ce ya karanta. Ya fara haɗa baƙaƙen yana furta su kamar na Turanci, ya zo kan kalmar "ƙauna" ya tsaya, don bai taɓa sanin akwai harafi mai lanƙwasa a ka ba. Yaron nan da Hausa yake wasa, da Hausa yake faɗa da ƙannensa, da Hausa yake kuka idan an doke shi. Amma labarin cewa Allah ya ƙaunace shi har ya ba da Ɗansa, wannan ya zo masa da harshen jarrabawa, ya haddace shi kamar yadda ake haddace sau-sau, ya ajiye shi inda ake ajiye abin makaranta.

Ba haka muka karɓi bangaskiya ba, ku ma kun sani. Mahaifina manomi ne, bai taɓa zama a ajin boko ba. Wani mai bishara ne ya koya masa karatu da yamma bayan an dawo daga gona, da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya koya. Har yau ina ganinsa a zuciyata: asuba ta yi, ya kunna fitilar ƙwai, ya kwance tsumman da yake naɗe Littafin a ciki saboda gara, ya tashe mu duka har da wanda yake maƙale da bargo. Yana bin layi da yatsa, a hankali, wani lokaci ya koma baya ya sake. In ya gama sai ya rufe, ya nuna ɗaya daga cikinmu ya ce, "Me ka ji?" Ba ka da mafita sai ka faɗi wani abu. Sannan mahaifiyarmu ta ɗauko waƙa daga Littafin Waƙoƙi, ba tare da ta buɗe shi ba, don duk suna kanta. A bangon Littafin nan daga ciki ya rubuta sunayenmu da ranakun haihuwarmu da na baftismarmu, da rubutunsa mai karkata. Minti ashirin ne duka-duka. Amma kullum ne, ko ranar kasuwa, ko ranar da aka yi rasuwa.

Littafin da yake riƙewa kuwa ba daga sama ya faɗo ba. Dakta Walter Miller ya shigo ƙasar Hausa a 1900, ya zauna a Zariya, shi da abokan aikinsa da malamai Hausawa suka yi shekaru suna fama da fassara, har cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Kafin su, a 1893, samari uku ne suka sauka a Legas da nufin kawo bishara cikin ƙasar nan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Biyun farko ba su daɗe ba suka mutu, Bingham kaɗai ya rage, daga aikin nan ne ɗarikar ECWA ta fito a 1954. Wani ɗan mishan, Karl Kumm, da mutanensa sun kafa sansani a Wase a 1904. A Garkida, a 1923, a gindin tsamiya aka yi sujadar farko ta aikin da ya zama ɗarikar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Duk inda suka sauka, abu na farko bayan addu'a shi ne tara yara a koya musu karatu. Gindiri ta zama garin makarantu saboda haka. Wusasa, ƙaramin wuri a gefen Zariya, ta fitar da Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, a can kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi, ɗan mai aikin bishara. Waɗanda suka shuka ikkilisiyar da kuke shugabanta a yau sun san cewa in ba ka kama yaro ba, ba ka kama komai ba. Su a gindin itace suka fara don ba su da ɗaki. Mu muna da ɗakuna, amma yaran suna nan a gindin itace.

A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan. Nauyin da suke ɗauka na koyar da Littafi kowace safiya ya faɗi ƙasa, ba mu kuwa sunkuya mun ɗauka yadda ya kamata ba. A wasu makarantun gwamnati a nan Arewa yaro Kirista zai gama firamare bai taɓa ganin malamin darasin addininsa ba. Kuna kai wannan kuka gaban hukuma, kuna kuma da gaskiya, ku ci gaba. Sai dai ko yau aka ba kowace makaranta malami, ba zai yi mana aikin da Allah ya ɗora wa gida da ikkilisiya ba.

A kan maganar harshe, kada a fahimce ni a karkace. Ba na gaba da Turanci, da shi na ci abinci shekara talatin da biyar, ina kuma so jikokina su iya shi fiye da ni. Na kuma san da yawa daga cikinmu Hausa ba ita ce harshen kakanninmu ba. Akwai Bajju da Atyap, akwai Birom da Angas, akwai Bura da Margi da Tangale, akwai kuma Hausawa Masihiyawa na ƙauyukan Kano da Katsina da Zariya, da 'yan uwanmu na Maraɗi da Tsibiri da Galmi waɗanda nasu bokon Faransanci ne. Inda yaro yake jin yaren gidansu, a koya masa da shi, wannan ya fi komai. Abin da nake roƙo shi ne a duba harshen da yaron yake mafarki da shi, a kai masa Yesu a cikinsa. A birane da yawa an raba sujada biyu, ta Turanci da safe ta matasa da ma'aikata, ta Hausa daga baya ta tsofaffi. Kaka tana wannan, jika yana waccan. Ba su rera waƙa ɗaya, ba su jin wa'azi ɗaya, in sun koma gida ba su da abin da za su tattauna. Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyar da ke cikinsa ta fara zama ne a cikin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki. Yau ta wace hanya Loyis za ta miƙa wa Timoti abin da ke zuciyarta, alhali mun raba musu lokacin sujada, mun raba musu harshe?

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu iyaye muna da namu babban kaso. Na taɓa tambayar ajina, su waye aka yi addu'ar iyali a gidansu a wannan mako? Hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannuna biyu ba. Na san dalilai, ba kuma na raina su: uba ya fita neman abinci tun duhu, uwa tana bakin kasuwa har magariba, an dawo a gajiye, kowa ya kama wayarsa. Amma Maimaitawar Shari'a sura 6 ba ta ce a kai yara wurin malama ranar Lahadi ba. Cewa ta yi maganar ta zauna a zuciyarka tukuna, sannan ka koya wa 'ya'yanka, kana zaune a gida, kana tafiya a hanya, da kwanciyarka da tashinka. Sa'a ɗaya a mako ita ce rabona da yaron nan. Sauran sa'o'i 167 yana hannun gida da makaranta da titi da waya. Iyaye maza musamman sun sakar wa mata wannan aiki, kamar renon ruhu ma wani nau'in girki ne. A nan nake buƙatar muryarku, iyayena, domin abin da malama za ta faɗa sau goma a share, in ya fito daga bagade sau ɗaya sai a ji. Yaushe rabon da a yi wa'azi sukutum a kan addu'ar iyali, a nuna wa uba yadda zai yi ta a minti goma, ko da bai iya dogon bayani ba? Da yawansu ba ƙi suke yi ba, kunya suke ji, don ba wanda ya taɓa nuna musu.

Maƙwabtana Musulmi ne, shekara ashirin muna shan ruwan rijiya ɗaya. Kowace yamma bayan la'asar ina ganin 'ya'yansu sun yi wanka, sun rataya jaka, sun nufi Islamiyya. Asabar da Lahadi ma da safe suna can. Uban ba mai kuɗi ba ne, faci yake yi a bakin titi, amma kuɗin makarantar nan ba ya wasa da shi, ranar saukar karatun 'yarsa kuwa har gida ya aiko mana da abinci. Ina girmama su saboda wannan, ina kuma jin kunya. Sun ɗauki tarbiyyar addinin 'ya'yansu aikin kowace rana. Me ya hana majami'unmu, da suke kulle daga Litinin zuwa Juma'a in ban da taron addu'a da koyon waƙa, su buɗe ƙofa sau biyu a mako da yamma saboda yara?

Akwai kuma wani abu mai nauyi da ba na jin ana faɗarsa. Yaranmu da yawa sun ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. A ajina akwai waɗanda iyayensu suka gudo daga ƙauyukan da aka ƙone. Wata rana ina koyar da Huɗuba a kan Dutse, na zo inda Yesu ya ce mu ƙaunaci maƙiyanmu, mu yi wa masu tsananta mana addu'a. Wata yarinya 'yar shekara tara, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, har da waɗanda suka kashe babana?" Na rasa ta cewa. Na ajiye takardar darasi, na jawo ta jikina, muka yi kuka tare, yara suna kallonmu. Daga baya na gaya mata cewa Yesu ma a kan gicciye yake lokacin da ya roƙa wa masu kashe shi gafara, ya san zafin, ba zai kuma tilasta mata ta yi a yau abin da zuciyarta ba ta kai ba tukuna. Ban sani ba ko na amsa daidai. Ba wanda ya taɓa horar da ni a kan irin wannan. Amma na tabbata cewa in ba mu ba yaran nan amsa daga Littafi ba, za su samu amsa a bakin titi, su tashi da sunan Kirista a baki, da ɗaci da ramuwa a ciki. Wannan ba bangaskiyar da aka ba mu ba ce. Yaran suna jin yadda muke magana a kan maƙwabtanmu a tsakar gida, suna kwasa fiye da yadda suke kwasar aya.

Muna yawan ambaton Leah Sharibu a wa'azi. Tana da shekara 14 aka ɗauke ta daga makarantar 'yan mata ta Dapchi a watan Fabrairun 2018, aka sako sauran da suka rayu, aka riƙe ta, domin kamar yadda abokan karatunta suka faɗa, ta ƙi barin bangaskiyarta. Muna ambaton 'yan matan Chibok 276 da aka kwashe a Afrilun 2014, waɗanda yawancinsu 'ya'yan ikkilisiya ne. Daidai ne mu tuna da su, mu ci gaba da yi musu addu'a. Amma duk lokacin da na ji sunan Leah, abin da ke zuwa mini shi ne, ranar da aka tsare ta babu fasto kusa, babu uwa, babu ƙungiyar mawaƙa. Abin da aka zuba mata tun tana ƙarama, shi kaɗai ta tafi da shi. Nakan dubi yaran da ke zaune a ƙasa gabana in tambayi kaina, me na zuba musu da zai tsaya in sun rage su kaɗai? Ba sai a daji ba. A jami'a ma, a bariki, a wurin aiki a Abuja ko Legas, ko a cikin wayar da ke cike da masu wa'azin da suke sayar da man shafawa da ruwan mu'ujiza. Yaron da bai san Littafi da kansa ba, duk wanda ya fi ƙarfin murya shi zai bi.

Littafin Mahukunta 2:10 yana ba ni tsoro. Zamanin Joshuwa ya wuce, wani zamani ya taso wanda bai san Ubangiji ba, bai kuma san abin da ya yi wa Isra'ila ba. Tsakanin waɗanda suka ga Kogin Urdun ya tsaya da waɗanda ba su san komai ba, tsara ɗaya ce tak.

Saboda haka ina roƙonku, da ladabi. Ku sa hidimar yara a cikin kasafin ikkilisiya da sunanta, da kason da ba za a taɓa ba ko ana gini. Kafin a sayi sabuwar lasifika a tambaya ko yara suna da rufi a kansu da abin zama. Ku daina ba da ajin yara ga duk wanda ya rasa wani aiki a ikkilisiya. Ku zaɓi malamai kamar yadda kuke zaɓen dattawa, a san halinsu, a horar da su, kada kuma a bar babba ɗaya shi kaɗai da yara a ɓoye, domin kun san abin da Ubangiji ya faɗa game da dutsen niƙa da wanda ya sa ɗaya daga cikin ƙananan nan tuntuɓe. Makarantunmu na tauhidi, irin su Bukuru da Jos da Kagoro da Kwarhi, suna yaye ɗalibai kowace shekara. Ina roƙon masu kula da su, kada a ɗora wa kowa hannu a naɗa shi fasto sai ya zauna a ƙasa da 'yan shekara bakwai na tsawon zango, ya koyi bayyana alheri da kalmomin da za su gane. Wanda ya iya wannan, wa'azinsa ga manya ma zai gyaru.

A dawo da ajin koyon karatun Hausa a majami'a, wanda da shi aka raini iyayenmu. Wata uku sun isa yaron da ya riga ya san baƙaƙen boko ya iya karanta Bisharar Markus da kansa. A buga mana littattafan darasi da Hausa mai sauƙi, da misalan gona da kasuwa da rijiya, a kan farashin da ikkilisiyar ƙauye za ta iya. Tsofaffinmu kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da labaran yadda bishara ta shigo garuruwanmu, wa ya fara tuba, me ya sha a kai, wace waƙa suka rera ranar da aka kore su daga gida. A kawo su gaban yara su faɗa da bakinsu tun suna da rai, matasa masu waya su naɗa. Ko sau ɗaya a wata kuma a bar yara su zauna cikin sujada daga farko har ƙarshe, kusa da iyayensu, su ga ubansu ya durƙusa, su ga ana karɓar Jibin Ubangiji su tambayi ma'anarsa. Za su yi motsi, za su yi surutu. Almajiran Yesu ma sun tsawata wa masu kawo masa yara, Markus ya ce Yesu ya ji haushi, ya ce a bar su su zo.

Roƙona na ƙarshe ba ya buƙatar zaman majalisa ko sisin kwabo. Baba Fasto, Lahadi mai zuwa, idan aka ce yara su fita, ka ba mataimakinka wa'azi, ka bi bayansu. Ka zauna a bencinsu, ka tambayi sunayensu, ka ba su labari ɗaya, ka saurari tambayoyinsu. A shekara 26 sau biyu na ga an yi haka a ajina, yaran da suke wurin a ranar kuwa, waɗansunsu yanzu da 'ya'yansu, har yau suna ba ni labarin abin da faston ya faɗa. Yaron nan mai Yohanna 3:16 mun fara zama da shi ranar Laraba da yamma a ƙofar gidana, shi da wasu huɗu. Makon jiya ya karanta ayar da Hausa har ƙarshe, ya ɗago kai ya tambaye ni ko "dukan wanda ya gaskata" ya haɗa da shi. Na ce masa ya haɗa. Ina so ya ji wannan amsa daga bakin fastonsa ma.

Taku a cikin hidimar Almasihu,
Wata malamar makarantar Lahadi